Salonika a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya

Salonika birni ne mai tashar jiragen ruwa a yankin Balkan. Sultan Murad na Biyu ya ci shi da yaƙi a 1430. Bayan 1492, Yahudawan da aka kora daga Sifen suka yi ta kwararowa, har rajistar haraji ta 1519 ta nuna sun fi Musulmi da Kirista yawa. Saƙar ulu ce babbar sana'arsu, kuma da yadinsu ake ɗinka kayan sojojin daular da ake kira Janisari, shi ya sa rushe rundunar a 1826 ya durƙusar da masaƙa. A wancan zamani 'yan dakon tashar ma galibinsu Yahudawa ne, don haka ranar Asabar, ranar hutunsu, aiki yakan tsaya cik. Girka ta karɓe birnin a 1912.