Tarihin Kofunan Ƙwallon Kwando a Jami'ar Connecticut: Maza da Mata, 1995-2025

A wannan takarda muna so mu dubi yadda wata jami'a ta ƙauye a arewa maso gabashin Amurka ta zama zakaran gwajin dafi a wasan ƙwallon kwando na jami'o'in ƙasar. Jami'ar da muke nufi ita ce ta Jihar Connecticut, wadda ke garin Storrs. An kafa ta ne a 1881 a matsayin makarantar koyon aikin gona, ba ta kuwa sami sunan jami'a ba sai a 1939. Amma daga 1995 zuwa 2025 ta ɗauki kofin ƙasa na ƙungiyar NCAA, watau hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, har sau 18: mata sau 12, maza sau 6. Abin tambaya a nan shi ne, me ya kawo haka, alhali kafin 1995 ba ta taɓa ɗaukar wannan kofi ba ko sau ɗaya?

A ganinmu tushen al'amarin yana cikin shekarun 1970. A 1972 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da aka fi sani da Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Wannan doka ita ta tilasta wa jami'o'i su ware wa wasannin mata kuɗi da guraben karatu, ko da yake NCAA ba ta fara shirya wa mata gasar ƙwallon kwando ba sai a 1982. Bugu da ƙari, a 1979 aka kafa rukunin jami'o'i na Big East, Connecticut na cikin waɗanda suka kafa shi. A wannan shekara dai aka buɗe gidan talabijin na ESPN a garin Bristol, cikin jihar. Ke nan wasannin rukunin sun sami masu kallo a faɗin ƙasa, matasan 'yan wasa kuma suka fara jin sunan Storrs.

Sai dai doka da talabijin sun shafi jami'o'i da yawa, ba Connecticut kaɗai ba. Abin da ya bambanta ta shi ne mutum biyu da ta ɗauka aikin horarwa a jere: Geno Auriemma ga mata a 1985, da Jim Calhoun ga maza a 1986. Auriemma, wanda aka haifa a Italiya, ya tarar da ƙungiyar da sau ɗaya tak ta taɓa ƙare kakar wasa da nasarori fiye da faɗuwa. Shi da mataimakiyarsa Chris Dailey suka kai ta wasan kusa da na ƙarshe a 1991. A 1995 kuwa, a zamanin Rebecca Lobo, matan suka ci wasa 35 ba su faɗi ko ɗaya ba, suka doke Tennessee da ci 70 da 64. Wannan nasara tana da nauyi, domin Tennessee ta Pat Summitt ita ce gagarabadau a lokacin, kuma hamayyar jami'o'in nan biyu ita ta jawo hankalin jama'a ga wasan mata na kusan shekara goma.

Daga nan kofi ya riƙa zuwa: 2000, sannan sau uku a jere daga 2002 zuwa 2004, sai 2009 da 2010, sai kuma sau huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016. Breanna Stewart ta yi shekara huɗu a jami'ar, kowace shekara da kofi, kowace shekara kuma ita ce gwarzuwar gasa. Tsakanin 2014 da 2017 sun ci wasa 111 a jere kafin Mississippi State ta taka musu burki. Akwai masu cewa irin wannan babakere yana kashe wa gasa armashi. Mu dai ba mu yarda da haka ba, tun da shekara tara suka yi suna jiran kofi na gaba, har zuwa 2025 da suka doke South Carolina da ci 82 da 59, abin da ke nuna cewa sauran jami'o'i sun ɗaga matsayinsu ne don su kamo su.

Tarihin maza ya sha bamban. Babu dogon mulki irin na mata, sai dai hawa da sauka a hannun masu horarwa uku. Calhoun ya ɗauki kofin farko a 1999 da ya kayar da Duke 77 da 74, a wasan da mafi yawan masana suka ba Duke. A 2004 maza suka doke Georgia Tech, washegari mata suka doke Tennessee, jami'ar ta zama ta farko a babban rukuni da ta haɗa kofunan biyu a shekara guda. Gwarzon maza a gasar shi ne Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Kofi na uku ya zo a 2011 ta hannun Kemba Walker, Calhoun kuma ya yi ritaya a 2012.

A nan ne ya kamata mu tsaya kaɗan, domin nasarar ba ta zo a ɓagas ba. A 2013 NCAA ta hana maza shiga gasar ƙasa saboda sakamakon karatun 'yan wasan shekarun baya ya gaza mizanin da aka gindaya. Ga jami'a, wadda aikinta na farko shi ne koyarwa, wannan abin kunya ne, kuma waɗanda hukuncin ya faɗa wa ba su ne suka yi laifin ba. A shekarar ce kuma tsohon Big East ya wargaje saboda kuɗin talabijin na ƙwallon ƙafar Amurka, Connecticut ta tsinci kanta a wani sabon rukuni, nesa da tsoffin abokan hamayyarta. Duk da haka a 2014, ƙarƙashin Kevin Ollie, mazan da ba wanda ya sa wa rai suka doke Kentucky 60 da 54, mata kuma suka doke Notre Dame, aka maimaita abin da ya faru a 2004. A lokacin gasar ne jagoran maza, Shabazz Napier, ya shaida wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa, maganar da ta ƙara rura muhawara kan haƙƙin 'yan wasan da ake tara maƙudan kuɗi da guminsu. Sai a 2021 aka yarje musu su sami kuɗi da sunansu.

Bayan 2014 ƙungiyar maza ta yi sanyi. An ɗauko Dan Hurley a 2018, jami'ar ta koma Big East a 2020, sannan ta ɗauki kofi a 2023 da 2024. A gasa biyun nan ta yi wasa 12, babu wanda ta ci da ratar da ta gaza maki 13. Gwarzon 2023 shi ne Adama Sanogo, haifaffen Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buga wasannin ƙarshe na gasar cikin watan azumi.