Asalin Zancen Hikima a Ƙasar Garki

An saba cewa zancen hikima ba ya tsufa, kuma ba shi da ubangida. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ta sa masu bincike sun yi sakaci da tambayar da ta fi cancanta, watau ta wace hanya kowane zance ya iso bakin jama'a.

Garki ta isa misali. Gunduma ce ta ƙasar Kano har 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Jigawa, ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim. Kamar sauran garuruwan Kano ta gabas, hikimar mawaƙa ta shigo mata ta ƙofa uku: zauren malami, kasuwa, kana makarantar boko.

A zaure ake karanta Shu'ara, waƙoƙin Larabawan jahiliyya, cikinsu har da ta Zuhairu, wanda ya cika ƙarshen waƙarsa da zantuttuka a kan yaƙi da tsufa da halin ɗan Adam. Ana kuma karanta Maƙamat na Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122. Malami yakan fassara kalma kalma da Hausa, almajiri ya riƙe fassarar ko da Larabcin ya kuɓuce masa. Ta haka ma'ana ke fita zaure ba tare da sunan mai ita ba.

Ƙofa ta biyu ta fi faɗi. Waƙoƙin wa'azi na ajami, tun daga zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, makafi da almajirai suka yi ta rera su ran kasuwa, har wanda bai taɓa riƙe allo ba ya haddace. A cikinsu akan siffanta duniya da mace mai kwalliya mai yaudara, siffar da ta daɗe a littattafan zuhudu na Larabci. Saboda haka in tsohuwa ta ce "duniya budurwar wawa", akwai dalilin zaton cewa wa'azi ne ya sauko ya zama karin magana.

Amma fa kada a yi gaggawa. Larabawa suna kwatanta karatun ƙuruciya da zane a kan dutse, Bahaushe kuwa ya ce "hali zanen dutse". Siffa ɗaya ce, manufa dabam: can ana kwaɗaitar da yaro ga karatu, nan ana yanke ƙauna ga gyaran babba. Wanda ya ce wannan daga wancan ta fito, sai ya kawo hujja, don kama da wane ba ta wane.

Ta ƙofa ta uku ne Mu'azu Haɗeja ya shigo, malamin makaranta ɗan wannan yanki, wanda ya rasu a 1958. Shi nasa aiki juyin na farko ne: ya ɗauki maganar da ke bakin mutane ya ɗaure ta da ƙafiya, kamar a waƙoƙinsa na giya da na karuwa, aka buga su da boko, yara suka haddace a aji. Yanzu in an ji wani zance a bakin wanda ya yi makaranta, da wuya a rantse ko daga kaka ya ji ko daga littafi.

Abin takaici, waɗanda suka fara tara karin magana ba su taimaka a nan ba. Merrick ya buga nasa a 1905, Whitting a 1940, kuma lalle sun ceci abu mai yawa. Sai dai sun jera zantuttukan kamar ƙwarya a rumfa, galibi ba a faɗi wanda ya furta ba, ko garin, ko abin da ya jawo maganar. Malamin kwalejin horon malamai da zai aiki ɗalibansa hutu Garki ko Dutse ko Ringim yana iya cike wannan giɓi: kowane zance a rubuta shi da ranar da aka ji shi, da shekarun mai faɗa, da ko ya yi karatun allo, na zaure, ko na boko.