Tsofaffin Gidajen Ƙasar Kazaure: Amanar Da Ke Wuyanmu

Tarihi ya nuna cewa Malam Ibrahim Ɗantunku ne ya kafa masarautar Kazaure a wajen shekarar 1819, a lokacin jayayyarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Da ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya kuma zaunar da sarauta a garin Kazaure. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta har yau. Babura kuwa ta daɗe a ƙasar Kano, sai a 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ta koma masarautar Ringim. To, amma ko da sarauta ta bambanta, ginin kakanninmu iri ɗaya ne.

Da ƙasar kududdufi suka yi tubali, suka jera azarar giginya, suka yi daurin guga a manyan soraye, suka kafa zankwaye a bisa. Makuba daga ɗorawa take fitowa, laso kuma da katsin marina ake haɗa shi. A zaure ake karatun allo, a nan ake sasanta 'yan'uwa, a nan baƙo yake sauka. Har sunan garin ma, masu ba da labari suna cewa daga "kamar zaure" ya samo asali.

Ba tsufa ke kashe ginin ƙasa ba, sakaci ne. In aka bar yaɓe shekara biyu ko uku, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, sai azara ta ruɓe, damina ɗaya ta gama da shi. Sauran kuwa gado ke cinye su: magada su raba fili, a rushe zaure a yi shaguna.

Akwai abin koyi a Zariya. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da jama'a ta yi masa yawa a shekarun 1970, sai aka kewaye ɗakin sallarsa da sabon gini, bakunan gizonsa suna nan a ciki. A Kano an mai da Gidan Makama gidan tarihi, a Katsina kuma hasumiyar Gobarau tana tsaye domin ana yi mata gyara.

Saboda haka muna roƙon jama'a da masu ba da gudummawa: yayin da muke aza harsashin sabo, kada mu yi wa tsoho riƙon sakainar kashi. Kowace unguwa ta ƙidaya tsofaffin zaurukanta da rijiyoyi da masallatan ƙasa, a rubuta wanda ya gina su tun dattawan da suka sani suna raye. A riƙa yin gayyar yaɓe kafin ruwa ya sauka, a kuma ba tsofaffin magina yara su koya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Amin.