Kalmar "charge": ma'anoninta, yadda ake amfani da ita da kalmomin da ke kusa da ita

Kalmar Ingilishi "charge" na daga cikin kalmomin da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati ke cin karo da su kusan kullum. Tana fitowa a saƙon banki, a takardar kotu, a wasiƙar naɗi da kuma kanun jaridu, kuma a kowane wuri da irin ma'anar da take ɗauka. Kuskuren fahimtarta kan jawo asarar kuɗi, wani lokacin ma ya ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba. Tana zuwa a matsayin suna, jam'inta "charges", tana kuma zuwa a matsayin aikatau, inda take komawa "charged" idan aikin ya wuce.

Asalin kalmar

Ingilishi ya aro kalmar ne daga tsohon Faransanci wajen ƙarni na 13, inda take nufin ɗora kaya. Tushenta na can baya shi ne kalmar Latin "carrus", wato keken ɗaukar kaya, kuma daga wannan tushe ne "car" da "carry" da "cargo" suka fito. Sanin wannan na taimakawa, domin mafi yawan ma'anonin kalmar a yau suna komawa ga ɗora wa wani nauyi: nauyin biyan kuɗi, nauyin laifi, nauyin kula da aiki, har da cika batir da wuta.

Hausa ma ta aro kalmar tun zamanin mulkin mallaka. Daga "charge office" aka samu "caji ofis", wato ofishin 'yan sanda inda ake rubuta ƙara. Zuwan wayar salula kuma ya sa "caji" da "caza" suka zama ruwan dare.

Ma'ana ta farko: kuɗin da ake nema

A harkar kasuwanci, "charge" kuɗi ne da ake nema saboda wani aiki ko hidima da aka yi. "Bank charges" su ne kuɗaɗen da banki ke cira daga asusun ajiya, kamar na kula da asusu, na saƙon tes da na tura kuɗi. A Najeriya Babban Banki ne ke fitar da jadawalin abin da aka amince bankuna su cira, kuma duk wanda ya ga an zarce ƙa'ida yana da damar kai kuka bankinsa, idan ba a share masa hawaye ba ya wuce zuwa Babban Bankin. Ba duk abin da aka cire ba ne ke shiga aljihun banki. Naira 50 da Dokar Kuɗi ta 2020 ta sanya a kan tura Naira 10,000 ko fiye haraji ne na gwamnati, banki ɗan aike ne kawai.

"Service charge" kuwa kuɗi ne da ake ƙarawa a kan haya ko farashi domin gadi, shara, ruwa da makamantansu. Mai kama shago a babbar kasuwa ya kamata ya tambaya tun kafin ya sa hannu ko kuɗin hayar da aka faɗa masa ya haɗa da shi. "Free of charge" na nufin kyauta, "overcharge" tsawwala kuɗi fiye da ƙa'ida, "surcharge" kuma ƙarin kuɗi a kan na asali. A aikin gwamnati "surcharge" na da wata ma'ana mai zafi: idan aka ce an yi wa jami'i "surcharge", an tilasta masa biyan asarar da sakacinsa ya jawo, galibi ta hanyar yanka daga albashinsa.

Kalmomin da ke kusa da wannan ma'ana suna da yawa, amma kowace da muhallinta. "Price" farashin kaya ne, "cost" abin da aka kashe, "fee" ladan ƙwararre kamar lauya ko kuɗin makaranta, "fare" kuɗin mota ko jirgi, "rent" haya, "commission" la'ada ko kamasho, "duty" kuɗin fito na kwastam, "levy" da "tax" haraji, "fine" kuma tara. Wanda ya rubuta "fine" a inda ya kamata ya rubuta "charge" ya mayar da abokin cinikinsa mai laifi.

Ma'ana ta biyu: tuhuma a gaban shari'a

A kotu, "charge" tuhuma ce da aka rubuta a hukumance, mai ɗauke da laifin da ake zargi, lokaci da wurin da aka ce an aikata shi, da sashen dokar da aka karya. Takardar da ke ɗauke da ita ana kiranta "charge sheet", kowane laifi guda a cikinta kuma "count". Saboda haka "five-count charge" tuhuma ce mai ɗauke da laifuka biyar.

A nan ne aka fi yin kuskure wajen fassara. "Allege" da "accuse" zargi ne da kowa ke iya yi. "Charge" tuhuma ce daga hukuma. "Arraign" shi ne gurfanarwa a gaban alƙali domin a karanta wa mutum tuhumar ya amsa ko ya musanta. "Convict" ne kaɗai ke nufin kotu ta same shi da laifi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma dole a sanar da shi tuhumar dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotun.

Akwai bambanci kuma tsakanin "discharged" da "acquitted". Na farko sallama ce, wadda wani lokaci ba ta hana a sake gurfanar da mutum a kan maganar. Na biyu wankewa ce, kuma bayanta ba a sake yi masa shari'a a kan laifin nan.

Ma'ana ta uku: shugabanci da ɗora alhaki

"In charge of" na nufin mai kula da wani abu, kamar jami'in da ke riƙe da sashen albashi ko shugaban ƙaramin asibiti, wanda jama'a kan kira "incaj". "Take charge" kuwa karɓar ragama ne. Ƙaramar kalmar "the" na juya ma'anar gaba ɗaya: "in charge of the driver" mai ba direba umarni ne, amma "in the charge of the driver" abin da aka damƙa wa direba amana ne. Daga Faransanci kuma aka samu "chargé d'affaires", jami'in da ke riƙe ofishin jakadanci idan babu jakada.

Jaridun Najeriya na yawan amfani da kalmar da ma'anar horo ko kira. Kanun labari kamar "Governor charges workers on punctuality" na nufin gwamna ya hori ma'aikata su riƙa zuwa aiki a kan lokaci, ba wai ya kai su kotu ba. Haka nan "charged with" na da fuska biyu. "He was charged with theft" na nufin an tuhume shi da sata, amma "he was charged with the recovery of the funds" na nufin an ɗora masa alhakin ƙwato kuɗin. Abin da ya biyo bayan "with" ne ke raba gardama: idan laifi ne, tuhuma ce, idan aiki ne, amana ce. Kalmomin da ke iya maye gurbinta a nan su ne "urge", "task", "entrust" da "responsible for".

Ma'ana ta huɗu: haƙƙi a kan dukiya

Ga mai karɓar bashin banki, wannan ce ma'anar da ta fi kowace haɗari. "Charge" a kan kadara haƙƙi ne da mai bin bashi ke da shi na a biya shi daga wannan kadara idan aka kasa biya. "Fixed charge" na hawa kan takamaiman abu, kamar gini ko injin masana'anta, kuma ba a sayar da shi sai da yardar mai bin bashin. "Floating charge" na rufe dukiyar da ke shiga tana fita, kamar hajar da ke cikin sito, kuma kamfani na ci gaba da cinikinsa har ranar da ya gaza biya. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta bukaci a yi rajistar irin wannan haƙƙi a Hukumar Rajistar Kamfanoni cikin kwana 90.

A lissafin gwamnati kuma ana jin "first line charge", wato kuɗin da ake fara cirewa kai tsaye daga asusun gwamnati kafin sauran kashe-kashe. Ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe na daga cikin masu samun kuɗinsu ta wannan hanya, domin a kare 'yancinsu.

Sauran ma'anoni

A kimiyya, "charge" cajin lantarki ne, "recharge" kuma sake cikawa, shi ya sa ake kiran katin waya "recharge card". Kalmar na nufin kai farmaki da gudu, kamar yadda sa ke tasar wa mutum ko mahaya dawaki ke auka wa abokan gaba. Ana kuma amfani da ita ga adadin abin fashewa da ake ɗurawa a bindiga ko a ramin fasa dutse.

Yadda za a gane wadda ake nufi

Hanya mafi sauƙi ita ce duba ƙaramar kalmar da ke tare da ita. "Charge for" kuɗin wani abu ne, "charge to my account" a rubuta a asusuna ne, "charge against" tuhuma ce a kan wani, "charge on" ko "charge over" a takardar bashi haƙƙi ne a kan kadara, "in charge of" kuma shugabanci. Duk takardar da ta ƙunshi kalmar, musamman ta haya, ta bashi ko ta kotu, ya dace a nemi a fayyace wace ma'ana ake nufi, kuma a rubuce, kafin a sa hannu.