Asalin Waɗansu Kalmomin 'Yan Wasa da Laƙabin Makaɗa a Kudancin Katsina

Kowace ƙungiya ta mutane tana da maganar da ba kowa ke ji ba sai ɗan ciki. Mahauta suna da tasu, fatake suna da tasu, haka kuma 'yan dara da 'yan karta da 'yan dambe da makaɗansu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tsinci kalmomi da dama na irin wannan, amma aikin ƙamus fassara ne, ba ya tsayawa ya bi sawun kalma. Ƙasar da ta fi dacewa a bi sawun nan kuwa ita ce wadda ta tashi daga Ƙanƙara ta bi ta Tafoki da Faskari har Sabuwa, domin a nan Katsina ta yi iyaka da Zamfara, Zazzau kuma ba ta da nisa. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, sai cinikin auduga ya buɗe, 'yan ci-rani suka riƙa malalowa da kaka. Inda kuɗin kaka ya sauka kuwa, can makaɗi da ɗan dambe da ɗan caca su ke sauka.

Dara ce uwar wasannin zaune. Ramukanta talatin ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku sai ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Abin lura shi ne babu baƙuwar kalma ko ɗaya a cikinta: rami gida ne, tsinke ko tsakuwa ɗa ne, nasara kuwa ci. Daga nan aka sami karin maganar da ke cewa dara ta ci gida. Langa ma haka ta ke, wanda a ke tsarewa har ya kai sha sunansa ruwa, masu tsaronsa dawaki.

Karta fa dabam ce, jikinta duk tambarin baƙunci. Sunan kansa ɗan'uwan kalmar takarda ne a harshen Italiya da na Fotugal. Kubi, watau mai zanen zuciya, ya yi daidai da kubba ta Larabawan Masar da Magrib, su kuma daga bakin Italiyawa suka ɗauka. Kalawus kuwa Ingilishi ne aka tanƙwasa. Ashe ke nan a hannu ɗaya na karta mutum yana riƙe da hanyoyi biyu na tarihi, ta hamada wadda ta biyo ta Tarabulus, da ta teku wadda ta biyo ta Ikko. Zi da dusa sun zama 'yan gida har ba mai jin baƙuncinsu. Caca dai ta girmi karta, gama da wuri a ke yinta tun kafin a san takarda mai zane. Daga baya Whot, wadda aka ƙago a Ingila cikin 1935, ta shigo da nata kiraye-kirayen, irin su fik tu da janar maket, waɗanda yaron da bai taɓa shiga aji ba ya kan faɗa daidai.

Amma inda maganar ta fi daɗi shi ne dambe. Asalinsa wasan mahauta ne, shi ya sa harshensa ya ke warin jini ko da ba a zub da shi ba. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi. Zagaye ɗaya na wasa turmi ne, in an yi turmi uku ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa. Sunayen 'yan wasa kuma su ne littafin asalinsu. Tun da Shago ya yi suna, wanda Ɗan Anace ya waƙe, kalmar shago ta zama laƙabin gwanin yaran wani ubangida, a ce Shagon wane. Ƙaramin cikinsu kuwa Autan wane. Mai nazari da ya jera sunayen nan zai fid da salsalar malami da almajiri kamar yadda a ke fid da ta masu ilmi. Rukunonin dambe uku ne, Kudu da Guramaɗa da Arewa, su 'yan Arewa kuwa, galibinsu Sakkwatawa da Zamfarawa, a kan ce musu Jamus. Lalle wannan laƙabi bai girmi yaƙe-yaƙen da aka yi da Jamusawa ba, na 1914 da na 1939, sa'ad da sunansu ya zama kirarin mai taurin kai a fagen fama.

Su makaɗa, hanyar raɗa musu suna ɗaya ce tak: a ɗauki 'yan a liƙa wa abin kiɗa ko abin wasa. 'Yan goge, 'yan garaya, 'yan gambara, 'yan ƙoroso masu kacau-kacau a ƙafa, 'yan hoto masu cafe galma, 'yan kama masu kwaikwayon malamai don ban dariya. Ames da King sun tattara irin waɗannan cikin littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971. Sai dai laƙabin ba bayanin sana'a kaɗai ba ne, hukunci ne. A ce da mutum ɗan goge, an haɗa shi ke nan da bori da gidan mata, ko da bai taɓa leƙa su ba. M. G. Smith ya nuna cikin 1959 cewa makaɗa da mahauta suna can ƙasan tsanin daraja. To, kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Mamman Shata, ɗan Musawa wanda ya zauna Bakori da Funtuwa, ya fara da waƙoƙin asauwara na samari, sa'an nan ya ɗauki kalangun nan ya shiga da shi gaban sarakuna, bai bar shi ba har rasuwarsa cikin 1999. Darajar kalmar ta tashi tare da shi.

Wannan hanya ba ta mutu ba. Da fiyano ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano bayan 1990, nan da nan aka sami 'yan fiyano, waƙoƙinsu na fim kuma aka ce musu nanaye, daga amshin 'yan mata a wasan gaɗa. Da raini aka raɗa sunan, masu shi suka karɓa suka mai da shi tuta. Haka 'yan daba, waɗanda asalin sunansu zangon mafarauta ne, amma su tasu kalmar gangarowa ta yi, ba hawa ba.

Dokokin shari'a na 2000 a Zamfara da Katsina sun kore caca daga bainar jama'a, fitinar 'yan bindiga kuma, wadda ta kai ga sace ɗaliban Ƙanƙara cikin Disamba 2020, ta kashe wasan dare a ƙauyuka masu yawa na wannan yanki. Kalmar wasa kuwa a fage ta ke rayuwa. Malamin da ke da ɗalibai daga Tafoki ko Sheme ko Daudawa zai kyauta in ya sa kowannensu ya rubuto kalmomi ashirin daga bakin tsofaffin garinsu, da sunan wasan, da yadda a ke furta su a can.