Tsadar Rajista a Jami'o'in Gwamnati da Gurbin da Hukuma Ta Bari

A bisa ƙa'ida, karatu kyauta ne a jami'o'in Gwamnatin Tarayyar Nijeriya. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta soke kuɗin koyarwa a 1977, lokacin da arzikin man fetur ke kwarara, kuma har yau ba a sami gwamnatin da ta fito fili ta maido da shi ba. Abin da ɗalibi ke biya shi ne kuɗin rajista, wato na ɗakin karatu, asibiti, jarrabawa, ɗakin gwaje-gwaje, katin shaida da wurin kwana. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe su ne suka yi ta kumbura har suka kai magidanci ga sayar da hatsinsa tun da kaka, da araha, don kada a rufe rajista ɗansa bai biya ba.

Taƙaddamar ta daɗe. A 1978 ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini ya fito da ɗalibai kan titi suna neman a tsige Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Daga nan farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, malamai da dama suka tsallaka ƙetare.

Wanda ke son gane dalilin tsadar yau sai ya dubi yadda kuɗi ke shiga jami'a. Mafi yawan abin da gwamnati ke warewa albashi ne. Gine-gine, kayan aiki, bincike da tura malamai ƙaro ilimi kuwa galibi asusun TETFund ke ɗauka. Wannan asusu ya samo asali ne daga yarjejeniyar ƙungiyar malamai ta ASUU da gwamnati a 1992, wadda ta haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a 1993. An taƙaita shi ga manyan makarantu a 2011, harajin kuma ya kai kashi 3 a 2023. Asusun ya yi aiki ƙwarai, duk wanda ya zaga jami'o'inmu zai ga tambarinsa a jikin manyan ɗakunan lacca. Sai dai TETFund ba ya biyan kuɗin wutar lantarki, ba ya sayen man janareto, ba ya biyan masu shara da masu gadi. Kason hidimar yau da kullum da gwamnati ke bayarwa kuwa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa za a tarar da sabon gini mai ƙyalli, fankokinsa a tsaye, famfonsa ba ruwa, ɗalibai ɗaruruwa na fifita da littattafansu. Shugaban jami'ar da kamfanin lantarki ya yi wa barazanar yanke wuta ba shi da wurin juyawa sai aljihun ɗalibi.

A kan haka aka yi ta buɗe sababbin jami'o'i. A 2011 an kafa tara, ciki har da na Dutse, Dutsin-Ma da Kashere. A 2013 aka ƙara na Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa. Kusanto da ilimi ga yankunan da aka bari a baya abin yabo ne, amma kason ilimi a kasafin tarayya ya kasance ƙasa da kashi 10 cikin 100 a mafi yawan shekaru, masu rabonsa kuma suka ƙaru. Yajin aikin wata takwas da ASUU ta yi a 2022 ya ƙare ba tare da an warware wannan ba.

Cire tallafin mai da sakin naira a 2023, sannan ƙarin farashin lantarki a Afrilun 2024, su suka fasa ƙurjin. Jami'ar Legas, Jami'ar Bayero da wasu da yawa suka ninka kuɗin rajista, wasu kwasa-kwasan har ninki da yawa. Jihohi suka shiga agaji: Kano ta biya wa dubban 'yan jiharta da ke Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin makarantunta, Kaduna, wadda ta yi babban ƙari a 2021, ta sauko da na jami'arta daga naira 150,000 zuwa 105,000. Sauƙi ne na gaske ga iyaye, amma ragin da ba a cike gurbinsa da kuɗi daga baitulmali ba, makarantar ce ke biyansa da lalacewar kayan aiki.

Amsar Gwamnatin Tarayya ita ce bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Ba shi da ruwa, abin da ya sa ya karɓu a Arewa. Yana biyan rajista, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma biyansa na farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ya ceci karatun mutane da yawa. Duk da haka bashi bai rage tsadar ba, ɗage ta ya yi zuwa lokacin da matashi ke fafutikar neman aiki, kuma yana iya sa jami'o'i su ƙara farashi da tunanin akwai mai biya.

Masu goyon bayan ƙarin na cewa babu adalci a ciyar da ɗan mai hali kyauta alhali miliyoyin yara ba su shiga firamare ba. Hujja ce mai ƙarfi. Amma ɗan mai hali ya daɗe da komawa jami'a mai zaman kanta ko ƙasar waje. Wanda ya rage a ta gwamnati ɗan malamin firamare ne da 'yar manomi, kuma idan kuɗi ya gaza a gida, karatun 'ya mace ake fara jinginewa. Abin da ya kamata shi ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ainihin abin da horar da ɗalibi guda ke ci a kowane fanni, gwamnati ta ɗauki kaso sananne a dokance ta riƙa biya bisa yawan ɗalibai, a ƙayyade iyakar abin da za a nema daga iyaye, kowace jami'a kuma ta riƙa bayyana wa jama'a inda kuɗin rajistar da ta tara ya shiga.