Kwamfuta da Cunkoson Birni: Abin da Stockholm Ta Nuna

Tun 1963, da birnin Toronto ya damƙa wa kwamfuta sarrafa fitilun ba da hannu, masu tsara birane ke sa ran na'ura za ta kawo ƙarshen cunkoso. Daga baya tsarin SCATS na Sydney da SCOOT na Birtaniya suka ƙara wa aikin inganci: wayar da aka binne cikin kwalta tana ƙirga motoci, kwamfuta kuma ta tsawaita koriyar danja a hannun da layi ya fi tsawo. Ba a musun amfanin wannan. Sai dai lokaci kawai kwamfuta ke rabawa, faɗin titi yana nan yadda yake. Da zarar hanya ta yi sauƙi, wanda ya ajiye motarsa don gudun cunkoso sai ya sake fitowa da ita.

Stockholm, babban birnin Suwidin, ta ɓullo wa lamarin ta wata fuska. Daga Janairu zuwa Yulin 2006 aka gwada karɓar haraji a mashigai 18 da suka kewaye tsakiyar gari, inda kyamara ke karanta lambar mota ba tare da direba ya tsaya ba, kuɗin kuma ya fi tsada a lokacin tafiya aiki da tashi. Motocin da ke ƙetare mashigan suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Da aka dakatar da gwajin, cunkoso ya dawo, kuma a ganina babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi. Jama'ar da suka fara da adawa suka amince a ƙuri'ar raba gardama, tsarin ya tabbata a 2007. Abin da aka cika mantawa shi ne, sai da aka ƙara motocin bas kafin a fara karɓar ko kwabo.

Wannan sharaɗi ne ya kamata ya tsaya wa mahukuntan birane irin Kano a rai. Kyamara ba ta da amfani sai da ingantacciyar rajistar lambobin mota da wutar da ba ta ɗaukewa, wayar cikin kwalta kuma an ƙera ta ne don motoci masu bin layi, ba adaidaita sahu uku da suka jeru a gurbin mota guda ba. In kuwa aka ɗora haraji babu wadatattun bas, ɗan adaidaita zai ƙara shi a kan kuɗin haya, mai zuwa kasuwar Kwari ne zai biya.